Ƙwai Sha Uku da Madam Ta Bari

Asabar, 14 ga Yuni, da hantsi

Jiya ce ranar awo, ban auna ba, sai yau. Buhu, babba a cikin 'yan kajina, kilo ɗaya da giram ɗari biyu, yana da sati goma a duniya. Sauran 'yan'uwansa goma suna biye da shi kaɗan-kaɗan. Na aro ɗan kazar Indo maƙwabciyata, wanda aka ƙyanƙyashe rana ɗaya da su, na rataya shi a sikeli don gwaji. Ko rabin kilo bai cika ba. Indo ta ce sikelina ne ke da son kai.

Wannan kayen, wato littafin rubutu, malamin dabbobi ne ya ba ni bara, ya ce in riƙa rubuta nauyin kaji kawai. To, yanzu nawa ne, abin da na ga dama zan rubuta. Ban yi shekara biyu ina zaman tabarma a ajin yaƙi da jahilci don in ƙare a lambobi ba.

Don kada in manta yadda na yi: ubansu Jandarma ne, farin zakaran gidan gona da maigidana Malam Sanda ya ɗauko mini daga Maradi a cikin kwali, yana mita tun daga tasha har Gidan Rumji. Iyayensu mata kuwa kajinmu ne na Hausa. Uban ya ba su ƙirji da cinya, iyayen suka ba su juriyar zafi da wayon guje wa shirwa. Sauran zakarun gidan duk na sa an yanka su, don kada wani ya sa mini baki cikin aiki. Wannan ɓangaren kaɗai Malam ya yaba.

Ta iso jiya da azahar. Mijinta Surajo ne ya kawo ta a motar haya, daga gidan likita na Maradi, ba daga ɗakinta na Tibiri ba. Ni na riga su dawowa tun ranar Laraba, na ce ba mai ba kaji ruwa.

'Yata ce ta fari, saboda haka ba na faɗin sunanta, ba kuma zan rubuta shi ba. Haka na tarar ana yi. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran yayanmu da sunansa ba. Tun daga yaye Tala, yayar Malam, ta ɗauke ta zuwa Cadakori, ita ta raine ta, ita take ce wa Inna. Ni Yaya take ce mini. Da Tala na da rai can za a kai ta, Allah ya jiƙan Tala.

Na ba ta ɗakin da tagarsa ke kallon akurki. Akwatin da na yi wata huɗu ina cikawa, na tura shi ƙarƙashin gadona tun kafin motar ta tsaya.

Lahadi, 15 ga Yuni, da la'asar

Madam ta fara kwanci. 'Yar Jandarma ce ta ƙyanƙyasar bara, ruwa biyu, faɗinta ya kai faifai. Kwana uku ke nan tana zaune cikin kwando, in ka matso ta hura wuya. Ƙaramar kazar Hausa ƙwai tara take rufewa, in ta yi ƙoƙari. Madam na jera mata sha uku, ta rufe su ruf, har da sauran wuri.

Indo ta leƙo ta bisa darni tana kallona.

"Yelwa, wagga kaza jinin turawa gare ta hwa. Ba su san kwanci ba, inji ka ƙyanƙyashe su."

"Rabin jininta na Gobir ne," na ce.

"To ki roƙi Allah rabin Gobir ɗin shi ne daga ƙasa."

Bakin Indo sai ita. Amma ita ce ke yi wa yarinyar wankan safe da na yamma, don haka na bar ta ta ci wannan. Ni nawa hura wuta da dafa ruwa da ganyen bedi, wato darbejiya, in ajiye a bakin makewayi in kauce.

Kunun kanwar da na dama ya dawo yadda ya tafi, har ya yi fata a sama.

Talata, 17 ga Yuni, da safe

Tuwon jiya ya dawo. Fura ta dawo. Romon da na yi da ragowar naman layya ya dawo, Malam ya taimaka masa.

Ba zan iya shiga ɗakin in zauna a bakin gado in ce ki ci ba. Ban taɓa yi ba, ban san ta inda ake farawa ba. Saboda haka da na kai wa su Buhu dusa da garin ƙuli, sai na tsaya daidai tagar na ɗaga murya.

"Ke, wace irin kaza ce ke? An sa miki abinci kin kau da kai. Kina tsammani jiki da iska shike tsayawa? Ki ci mana, ko loma guda!"

Malam yana zaune yana gyaran ƙotar hauya. Ya dubi kajin, sun kifa kai cikin kwano kamar za su cinye har kwanon.

"Wace ce ba ta ci cikinsu?" ya ce.

Na harare shi. Ya dubi tagar, ya dube ni, ya koma kan hauyarsa.

Laraba, 18 ga Yuni, da azahar

Gaban rigarta ya jiƙe. Indo ta ɗaure mata ƙirji da zane. Yau ban yi wa kaji faɗa ba.

Juma'a, 20 ga Yuni, bayan saukowa daga masallaci

Buhu kilo ɗaya da ɗari uku da hamsin. Garar da nake kama musu a tsohuwar tukunya da kashin shanu tana aiki.

Surajo ya zo bisa babur ɗinsa, da gasasshiyar hanta a takarda da nono mai sanyi. Da na ji sallamarsa na ja mayafi na koma bayan rumbu, muka gaisa daga nan, shi a durƙushe yana gaida rumbu. Ban san Jandarma na yawo a sake ba. Wannan zakara ba ya ƙaunar ganin namiji a gidan nan, ko Malam sai ya riƙe sanda yake shiga makewayi. Sai na ji fuka-fukai, na ji "Subhanallahi!", na leƙo na ga surukina yana zagaya turmi da takalmi ɗaya, hanta a ɗage sama. Na cusa mayafi a baki, har hawaye. Allah ya yafe mini.

Ya daɗe a ɗakin. Ban ji muryarta ba, tasa ma kaɗan na ji. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya ce wa Malam wai ƙasa ce Jandarma ya watsa masa.

Hantar tana nan a rufe. Yaron kirki ne, wallahi ina tausayinsa.

Litinin, 23 ga Yuni, da walaha

An yi ruwa mai kyau, gero ya tsaya, Malam sai fara'a yake. Cikin fara'ar ya ce mai zai hana a kai su Buhu kasuwa, tun da dusa suke ci kamar tumaki. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya ce to a yanka ɗaya a ji ko da gaske ne abin da ake faɗa. Na ce ranarsu ba ta yi ba.

A kalandar ɗakina akwai ranar da na zagaye da jan bik, wato biro, tun cikin watan Maris: Juma'a, 11 ga Yuli. Da takardar awonta na yi lissafi, na ƙara kwana bakwai, sannan na ƙirgo baya sati goma sha huɗu na girma da sati uku na kwanci. Shi ya sa su Buhu suka zo duniya ranar da suka zo. Na ce ranar nan mutanen Tibiri za su ga kajin da ba su taɓa gani ba a tukunya, abin da ya rage kuma ita ta riƙa cin cinya har a yi arba'in. Haka na zauna na tsara, da bik a hannu, kamar ni ke da iko.

Kajin ba su san an fasa ba. Ci suke yi suna girma.

Talata, 24 ga Yuni, da yamma

Madam na zaune daram, kwana tara. Na kira Indo ta gani. Ta ce a bari a kai ƙarshe.

Fura ludayi uku, in ji Indo. Na ce ko ta ƙara ne don ta faranta mini. Ta ce biyu da rabi.

Alhamis, 26 ga Yuni, da azahar

Mun kai ta gidan likita a amalanken jaki, ni da Indo. Ita tana kwance a tsakiya, ni ina zaune a baki ina kallon gonakin mutane kamar ban taɓa ganin gero ba.

Malamar ta ja mata fatar ido ƙasa ta nuna mini. Fari fat. Ta ɗora ta a sikeli, ta rubuta, ban tambayi lambar ba, ni da nake auna kaji duk Juma'a. Ta ba da jajayen ƙwayoyi, ta ce magani ba ya aiki a cikin da babu komai. Ta ce mu dawo bayan sati biyu, in idon bai yi ja ba za ta rubuta takarda a mai da ita Maradi, a kwantar a yi ƙarin jini.

A hanyar dawowa ta yi magana, fuskarta na kallon sama.

"Ba ni komawa can."

Indo ta ce to sai ki ci. Ni na gyara mata zanen da ya zame daga ƙafarta da tsinin yatsa. Ƙafar sanyi ƙalau, cikin wannan zafin.

Tsoro nake ji. Na rubuta, tun da ba wanda zai karanta.

Asabar, 28 ga Yuni, da hantsi

Yau na haska ƙwai. Na jira Madam ta tashi shan ruwa, na kwashe su a ƙwarya na shiga rumbu na ja murfi, na ɗora su ɗaya-ɗaya bisa fitilar salula yadda malamin dabbobi ya nuna mini. Ikon Allah! Jijiyoyi ja sun bazu, ga wani baƙin abu yana motsi a tsakiya. Sha ɗaya masu rai. Biyu fayau suke, baragurbi.

Ya kamata in jefar da biyun. Na riƙe su na juya, sai na mai da su cikin 'yan'uwansu.

Na fito na ba kaji labari da ƙarfi, a wurin da na saba tsayawa. Na ce musu ƙannenku sha ɗaya na nan tafe, na gan su da idona suna motsi, saura kwana takwas. Labulen tagar ya ɗan motsa. Wataƙila iska ce.

Talata, 1 ga Yuli, bayan la'asar

Indo ta yi gaskiya. Na rubuta a nan don kada in faɗa mata da baki.

An kwana ana ruwa, da safe shinge, garar nan mai tashi, ya fito, tsakar gida duk fuka-fukai. Kaji suka haukace. Madam ta leƙo daga kwando, ta ga ana biki ba ita, ta yi tsalle ta fita. Na ce bari ta ci rabonta ta dawo. Hantsi ya yi ba ta dawo ba. Na kamo ta na ɗora, ta sauka. Na ɗora na kifa mata kwando, na leƙa na tarar da ita a tsaye ƙiƙam bisa ƙwan kamar mai jiran mota. Na roƙe ta, na zage ta, na tuna mata kakanninta na wajen uwa. Kwana goma sha shida ta zauna, saura biyar, ta ce ta gaji.

Na aika gidan Indo, tata kazar ta ƙyanƙyashe tun wancan satin. Na zagaya gida huɗu, ba mai kaza a kwanci. Na dawo na taɓa ƙwan, sun fara hucewa.

Sai na zauna bisa turmi na fashe da kuka. Ni Yelwa, uwar 'ya'ya shida, a kan ƙwai. Sati uku ban yi ba, ko a Maradi ban yi ba, yau na yi wa ƙwai. Kwaɗayin faɗin Madam ne ya ja ni, ga kajin Hausa da ba su taɓa ba ni kunya ba.

Ban ji fitowarta ba. Na ɗaga kai kawai na gan ta a tsaye tana dafe da ƙyaure, zane ya yi mata yawa.

"Yaya, akwai sauran ruwan wanka bisa wuta?"

Na ce akwai.

"Kawo babbar ƙwarya da ƙaiƙayi, da tsohon bargo. Da gorunan roba huɗu masu murfi. Haka Inna ka yi da ƙwan zabi in kaza ta gudu."

Ban taɓa gudu irin na yau ba tun ina budurwa. Ta shimfiɗa ƙaiƙayi, ta jera ƙwan a tsakiya, ta cika gorunan da ruwan ɗumi, ta naɗe kowace da tsumma ta kewaye su. Kafin ta sa kowace gora sai ta ɗora ta bisa fatar idonta, ta ce in ido ya jure, ƙwai zai jure. Ta ɗauki gawayi ta yi wa kowane ƙwai ɗigo a gefe ɗaya don ta san wanda ta juya. Ta rufe da bargo, ta ce a kai ɗakinta.

Tala tana kabari tana koya mini kiwon kaji. Na ji haushi kaɗan, na kuma yi mata addu'a.

Laraba, 2 ga Yuli, da azahar

Gorunan ba sa riƙe ɗumi, sai an yi ta sauyawa, kuma ta hana kowa taɓawa. Na ce in taimaka, ta ce hannuna ya saba da wuta, ba zan gane zafi ba. Da hantsi ta ɗauko buta daga murhu, ta yi taku uku, jiri ya kwashe ta. Allah ya sa bedi na kusa ta dafa.

Na je wurin kaji. Na ce musu, "Ku dai kun ji daɗi, ba ku da aiki. Amma duk wadda ta ɗauki ƙwai sha uku a wuyanta, in ta faɗi a tsakar gida wa zai sauya gora? Ni dai an ce hannuna bai iya ba."

Na ajiye kunu a bakin ƙofa na tafi surfe. Da na dawo saura rabin moɗa. Na duba ƙasa ko zubewa ya yi. Ƙasa a bushe take.

Alhamis, 3 ga Yuli, da safe

Kunu moɗa guda, da dafaffen ƙwai biyu. Ba na Madam ba.

Juma'a, 4 ga Yuli, da la'asar

Buhu kilo ɗaya da ɗari bakwai. Tafiyarsa ta koma irin ta mai ɗauke da tulu.

Malam ya nemi a bar shi ya leƙa ƙwaryar, aka ce iska zai shigar. Ya ce shi da gidansa. Aka ce ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya tsaya yana miƙa wuya, sai ga Madam ta zo wucewa tana yanga, ko kallon ɗakin ba ta yi ba.

"Kun ga manya," in ji Malam. "An bar ma talakawa aiki, an tahi yawon shan iska."

Wani sauti ya fito daga ɗakin, gajere, kamar tari. Ni da Malam muka dubi juna. Dariya ce.

Yau saura kwana bakwai jan zagayen. Ita ma ta san lissafin, ta fi ni sani. Ta ci tuwo da miyar kuka, ta sha ƙwayarta, ta koma ta kara kunne a bargon.

Lahadi, 6 ga Yuli, da hantsi

"Yaya! Zaka ki ji!"

Ban san lokacin da na tsallake bakin ƙofar ba. Rabona da shiga ɗakin tun ranar da na share shi. Ta ɗora mini ƙwai a kunne, na ji ƙwas-ƙwas, da wani siririn kuka daga ciki. Biyu sun riga sun huda.

Ban je kasuwa ba. Indo ta zo wanka ta tarar da mu a durƙushe kai da kai, ta ce to, yau kuma kaza biyu ke kwanci.

Zuwa la'asar huɗu sun fito, a jiƙe, munana, masu manyan ƙafafu irin na gidan Jandarma.

Litinin, 7 ga Yuli, bayan azahar

Shida ke nan. Sun bushe sun yi kyau, huɗu farare, biyu masu ɗigon baƙi a ka. Sauran sun yi shiru. Na haska su, ba motsi, sanyin ranar Talata ya riga ya kama su.

Akwai ɗaya da ya huda tun jiya, bakinsa a waje, bai ƙara gaba ba. Da safe ta ɓare ɓawon a hankali da farce. Ya cika, komai nasa ya fito, har gashi. Bai yi numfashi ba. Ta riƙe shi a tafin hannu ta daɗe. Na miƙa hannu in karɓa in fitar, ta rufe yatsunta.

"Yaya, ke kin gan shi?"

Na san ba tsakon take nufi ba. Na dubi ƙofa. Ba Indo, ba kaji, ba wanda zan yi wa magana sai ita.

"Na gan shi."

"Ni ba su nuna min ba. Sunka ce shi ya fi. Da ni farka an riga an kai shi."

Na zauna a bakin gadon. Na ce mata ni na naɗe shi, da farin ƙyallen da na ɗauka daga akwati. Na ce gashi gare shi cike da kai, baƙi wuluk. Goshin Surajo ne sak, ba wanda zai yi gardama. Yatsun ƙafa kuwa naki ne, na biyu ya fi babban tsawo. Ta sunkuya ta dubi ƙafarta. Na ce tun kina kwana ɗaya na ƙirga su, lokacin da ba kowa a ɗakin.

Sai ta kifa kai a cinyata. Rabon da jikinta ya taɓa nawa haka tun ranar da Tala ta goya ta ta fita, ni ina daka ina yi kamar ban gani ba. Ta yi kuka, na yi, rigata ta jiƙe, 'yan tsaki shida suna ta tsiwa a ƙwarya suna neman tsaki.

Mun rufe ɗan tsakon a gindin bedi, ita ta tona da hannunta.

Talata, 8 ga Yuli, da safe

Ta ce tuwona gishiri ya yi kaɗan. Ta cinye.

Alhamis, 10 ga Yuli, da azahar

Gidan likita. Wannan karon a zaune ta tafi, tana damuwa ko Malam zai bar 'yan tsaki su fita. Malamar ta ja fatar idon, ta ƙara ja, ta ce bai kai yadda take so ba amma ya fara. Ba takardar Maradi. A ci gaba da ƙwaya, a ci nama da ganye, a dawo bayan sati biyu.

Indo ta rangaɗa guɗa a gaban mutane, jakin ma sai da ya firgita.

A hanya yarinyar ta ce, "Gobe ce ranar su Buhu, ko?" Ashe ta ga kalandar. Na ce ba dole ba ne. Ta ce a yanka, a yi sadaka, a kai Tibiri, a kai Cadakori gidan Inna. Amma a bar mata cinya.

Juma'a, 11 ga Yuli, da la'asar

Malam ya wasa wuƙa tun da safe yana murmushi, ban taɓa ganin mutum ya amsa kiran aiki da sauri haka ba. Takwas aka yanka, na bar matan uku don iri. Indo da ta ɗaga Buhu bayan an fige sai ta ce a'a, wannan ɗan rago ne aka yi wa fuka-fukai. Na ce ta maimaita, ta ƙi.

An kai masallaci, an kai maƙwabta. Surajo ya zo ya ɗaure kwano biyu a bayan babur, ya zauna a zaure shi da Malam. Jandarma yana ɗaure tun asuba.

Na zuba mata cinya da romo a kwanon da na saya tun watan Maris. Ita tana can gaban akurki a durƙushe, tana shafa wa 'yan tsakinta jan galura don shirwa ta kasa gane su. Ta ba ni baya. Romo na hucewa. Na buɗe baki in ce "ke", yadda na saba shekara ashirin da uku.

"Rufaida," na ce. "Zaka ki ci."

Ludayi ya faɗi daga hannun Indo. Daga zaure na ji Malam ya ƙware da romo. Ta juyo a hankali, hannuwanta ja jawur, tsako ɗaya a tafinta.

"Ashe kin san shi, Yaya."

"Ni na zaɓe shi," na ce. "Na ce ma ubanki shi ce shi ya zaɓa."

Malam ya ɗaga murya daga zaure ya ce ƙarya ake yi masa. Ba wanda ya kula shi. Ta wanke hannu, jan bai fita ba, ta zauna kusa da ni a tabarma ɗaya, ta ja kwanon.

Awon ƙarshe: Buhu, kilo ɗaya da ɗari tara. Rufaida, cinya biyu da romo moɗa guda, har ta tambaya ko akwai ƙari.

Rufaida. Ashe ma ba shi da wuyar rubutawa.